Tazargade, Dayi da Shuwaka: Wa Ya Raɗa wa Tsirranmu Suna?

 Yau tarihin da za mu taɓa na haki ne da ganye, irin waɗanda muke takawa kullum ba mu waiwaya ba.

Wanda ya shiga kasuwar Tawa ranar Lahadi zai iske mai maganin gargajiya da ƙullin tazargade a gabansa. Gaba kaɗan ga masu lambu da salati a cikin kwando. Wata ta kasa busasshiyar shuwaka. Can wajen dabbobi ga makiyayi zaune yana cire ƙayar dayi daga takalminsa. A idonmu waɗanga abubuwa huɗu babu abin da ya gama su: ɗaya magani, ɗaya abinci, ɗaya miya, ɗaya abincin raƙumi. Amma masana ilimin tsirrai sun ce dangi guda ne. Kuma kowane daga cikinsu yana da wani suna na biyu da aka rubuta cikin manyan littattafai a Faransa da Ingila, da yawa daga ciki sunayen mutanen da ba su taɓa shan ruwan Adar ba. Yadda aka yi haka, da abin da ya sa ya kamata mu san sunayen duka biyu, shi ne zancenmu.

DANGI GUDA

Ana gane wanga dangi ta furensa. In ka tsinko furen dayi, ko ka bar salati ya tsufa har ya yi kai, ka duba da kyau: abin da kake tsammani fure ɗaya ne, ashe ƙananan furanni ne masu yawa suka taru a kan faifai guda, kowane da ƙwayarsa. Shi ya sa a 1792 aka ba dangin sunan Compositae, wato haɗaɗɗu. A 1820 wasu masana biyu, Berchtold da Presl, suka kawo sunan Asteraceae, daga kalmar Girkanci mai nufin tauraro, saboda kamannin furen. Har yau duka biyun ana aiki da su.

Dangi ne babba, ire-irensa sun haura 25,000, kuma in ka cire ƙanƙarar ƙarshen duniya ta kudu, babu nahiyar da ba su. Sirrin yaɗuwarsu yana ga ƙwayar. Wasu suna da gashi mai laushi awa auduga, iska ta ɗauka ta kai nesa. Wasu kuwa ƙaya gare su, su maƙale a gashin tunkiya ko a bakin zane, su bi ka har gida.

DUTSI DA DUTSI BA ƊAYA BA

Ƙasarmu Adar Dutsi ake ce mata, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Daga Keita zuwa Tamaske, daga Garhanga zuwa Buza, tudu ne da fako da gangare, sai kwari a tsakani irin na Keita da Badagishiri da Majiya da Tadis. Sai dai duwatsunmu gajeru ne, babu wanda ya kusa mita 1,000. A da can teku ce ta rufe wurin, shi ya sa ake tsintar ƙwarangwal na halittun ruwa cikin farin dutse, irin wanda ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti. Zafin kan tudu da na kwari kusan ɗaya ne. Don haka abin da ke raba tsirrai a nan ƙasa ce da ruwa. A kan fako geza da anza da sabara ke mulki. Dayi yana son jigawa, inda rairayi yake. Shuwaka da salati sai lambu, kusa da rijiya, don shuwaka ɗiyar kudu ce, inda ruwan sama ya fi namu yawa.

In ka yi arewa, lissafin ya sake. A Abzin, dutsen Bagzan ya kai mita 2,022. A Ahaggar ta Aljeriya, Tahat ya kai 2,908. A Tibesti ta Cadi, Emi Kusi ya kai 3,415. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kamar digiri 6. Ke nan saman waɗanga duwatsu wata ƙasa ce daban a tsakiyar hamada, har ruwa na daskarewa da dare lokacin ɗari.

Shekaru kamar 10,000 da suka wuce, Sahara ba haka take ba. Akwai tabkuna da ciyawa da namun daji, kuma zanen raƙuman dawa da ke jikin dutsen Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, shaida ne. A lokutan sanyi da damshi, tsirran arewa, na bakin tekun Bahar Rum, sun gangaro har tsakiyar Sahara. Da ƙasa ta bushe, kamar shekaru 5,000 baya, sai suka mutu a fili, suka saura a kan tsaunuka kawai. Shi ya sa har yau akwai zaitun na daji a saman Bagzan. Haka ma jinsin da tazargade ya fito daga ciki, wanda masana ke kira Artemisia: gidansa na asali ƙasashen sanyi na arewacin duniya, kuma a Afirka ya fi kama tsaunuka da kwarurrukan da ke gangarowa daga gare su. Akwai irin na Ahaggar, akwai na Tibesti, akwai kuma na tsaunukan Habasha har zuwa Afirka ta Kudu.

HANYAR TAZARGADE

To, ƙaƙa tsiron da ke son dutsen hamada ya zama abin da kowace tsohuwa a Barmu ko Kalfu ta san ƙamshinsa? Amsar tana cikin tarihin da ya haɗa Adar da Abzin.

Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa yau, ya rubuta tarihin Adar a 1975. A ciki ya nuna yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya ci Adar da yaƙi wajen 1674, ya raba ta da ikon Kabi, daga baya kuma zuriyarsa ta riƙe sarautar Adar, wadda ta zauna Illela. Tun kafin nan ma akwai zirga-zirga, amma daga lokacin hanyar ta ƙara buɗewa. Ayari ya sauko da gishirin Tigidda da dabinon Ingal, ya koma da hatsi da tufafi. A gefen kayan raƙumi kuwa ba a rasa ƴar jakar magani da ta ƙamshi.

Sunan ma da kansa yana ba da labari. Abzinawan Ahaggar suna kiran irin nasu teharagele. Su kuwa mutanen Ahaggar an san su da faɗin "h" a inda ƴan uwansu na kudu ke faɗin "z" ko "j": su ce Imuhagh, namu su ce Imajaghan. Maida "h" ɗin teharagele ta zama "z", ka sake faɗi, ka ji ko kunnenka bai kai ka ga tazargade ba. Alama ce mai ƙarfi cewa ganyen da sunansa tare suka hau raƙumi suka zo.

Akwai kuma baƙon da ya zo ta wata hanya. Kashin yawo, wanga haki mai ƙaya da ke cika bakin gari da makwantar dabbobi, shi ma ɗan wanga dangi ne, amma asalinsa Amurka ta Kudu. Ya ƙetaro teku ya bazu a Afirka cikin gashin dabbobi da buhunan kaya. Turawa sun ce masa Acanthospermum, wato mai ƙwaya da ƙaya. Bahaushe ya dubi halinsa, ya ga ba ya zama wuri ɗaya, ya sa masa yawo. Kowa da abin da ya gani.

MASU RAƊA SUNA

Tsarin sunan Latin mai kalma biyu ya kafu ne a 1753, lokacin da wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya fitar da littafinsa na tsirrai. Kalma ta farko sunan gida ce, ta biyu sunan tsiron a cikin gidan. Ka'idar ita ce wanda ya fara bayyana tsiro a rubuce, ya ajiye busasshen samfurinsa a ma'ajiya, shi ke da ikon suna. Linnaeus shi ya kira salati Lactuca sativa, daga kalmar Latin ta madara, saboda farin ruwan da ke fita in an karya shi. Mu ma haka muke yi, in ka tuna da nonon kurciya.

Amma da yawa daga sunayen ba siffa suke faɗi ba, girmama wani ake yi da su. Ga shuwaka. Sunan gidanta Vernonia, don tunawa da William Vernon, wani Bature ɗan Ingila da ya tattara tsirrai a Maryland ta Amurka a 1698. Bai san miyar shuwaka ba, bai san akwai ƙasar Hausa ba. Wanda ya cika mata suna, Vernonia amygdalina, a 1826, Bafaranshe ne mai suna Delile, wanda ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar a 1798, kuma ya yi aiki ne da ganyen da matafiyi Cailliaud ya kawo daga ƙasar Sudan.

Dayi kuwa Centaurea perrottetii, sunan Perrottet, wanda ya tattara tsirrai a Senegal cikin shekarun 1820. Domashi, saiwar nan mai ɗaci da masu magani ke kawowa daga kudu, Vernonia kotschyana ce, sunan Theodor Kotschy ɗan Ostiriya da ya yi yawo a Kordofan cikin shekarun 1830.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Tilho. Kyaftin Jean Tilho shi ya jagoranci ɓangaren Faransa na tawagar da ta shata iyaka tsakanin Nijar da Najeriya daga 1906 zuwa 1909, iyakar da ta bar Ƙonni a nan, Sakkwato a can. Daga baya ya tafi Tibesti ya zana taswirarta. Cikin shekarun 1950, da masani Pierre Quézel ya samu wani irin Artemisia a saman Tibesti wanda babu shi ko'ina a duniya sai can, sai ya sa masa Artemisia tilhoana. Tubawan da ke kiwo a gindin dutsen tun kaka da kakanni ba su shiga sunan ba, sojan da ya zo aunawa shi ya shiga.

Ga wani abin dariya kuma. Akwai wata baƙar ƙwaya ƴar wanga dangi da Turawa ke saya buhu-buhu suna ba tsuntsayen gida, suna kiran ta "niger". Wanda ya ji sai ya ce daga ƙasarmu take. Alhali a tsaunukan Habasha aka fara noma ta, can suna ce mata nug suna matse mai, Indiya ma na noma ta da yawa. A Latin "niger" baƙi yake nufi. Sunanta na littafi Guizotia, wanda Cassini ya raɗa a 1829 don girmama François Guizot, marubucin tarihi da ya zama babban minista a Faransa. Ƙwaya ta Habasha, sunan ɗan siyasar Faransa, laƙabi mai kama da namu. Suna linzami ne, in ji Hausawa, amma wanga linzami ba a bakin dokinsa yake ba.

WAƊANDA SUKA TAMBAYI MAI ƘASA

Gaskiya a faɗe ta, ba duka suka wuce ba tambaya ba. Wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, ya zo aiki Arewacin Najeriya a 1905. Duk inda ya sauka sai ya tsinko ganye ya tambayi sunansa. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kowane da sunan Latin a gefensa. Daga baya shi da John Hutchinson na lambun Kew da ke Landan suka rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma, tsakanin 1927 da 1936. Su ne suka ba wani irin tazargade sunan Artemisia maciverae.

A ɓangarenmu, Bruneau de Miré da Gillet sun yi nazarin tsirran Abzin suka buga a 1956. A 1976 Peyre de Fabrègues da Lebrun suka jera tsirran Nijar baki ɗaya, sannan Peyre de Fabrègues ya biyo da ƙamus na sunayensu da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Tamajak da sauran harsunan ƙasa. Wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Adjanohoun ta zagaya wajen masu maganin gargajiya ta rubuta abin da suke yi da kowane ganye, aka buga a 1980. A 1990 ɗan ƙasa, Farfesa Mahamane Saadou na jami'ar Yamai, ya kammala babban bincikensa kan tsirran Nijar da ke gabashin kogin Kwara.

Duk waɗanga littattafai a kan bakin mutanenmu aka gina su. Wani makiyayi ne ya ce wanga raƙumi na ci, wancan yana kumbura ciki. Wata unguwar zoma ce ta ce wanga ake turara wa mai jego. Wani maharbi ne ya nuna hanyar kwazazzabon da ganyen yake. Iliminsu ya shiga takarda, ya tafi Paris da Landan, sunayensu suka saura a daji.

SHEKARAR DA SUNA YA RIKITA MU

Kada wani ya ce, to, tunda haka ne mu bar musu Latin ɗinsu. Shekarar 2020 ta nuna mana amfaninsa.

A watan Maris na wannan shekara aka samu mutum na farko da korona a Nijar. A watan Afrilu shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, ya fito da wani ruwan magani ya ce yana warkar da cutar, kuma da Artemisia aka yi shi. Kafin ka ce mi, saƙon murya ya cika WhatsApp: ai tazargade ne, namu na gida. Kasuwa ta buɗe, kowa na jiƙawa yana sha, wasu har da ba yara.

Nan rikicin yake. Na Madagaska Artemisia annua ne, ɗan asalin ƙasar Sin. Daga shi ne masaniya Tu Youyou ta fitar da sinadarin artemisinin a 1972, wanda ya zama ginshiƙin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a likita, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Na hamada kuwa Artemisia judaica ne, na littafin Dalziel maciverae, na tsaunukan gabashin Afirka afra. Gida ɗaya, amma kowa da halinsa da sinadarinsa. Mu muka tara su ƙarƙashin kalma guda. Kama da wane ba ta wane.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu hujjar cewa ruwan Madagaska na maganin korona. Ko a zazzaɓin cizon sauro ma, ba ta yarda a sha jiƙon ganyen a madadin ƙwaya ba, domin ƙarfin sinadarin a ganye ba ya da ma'auni. In ya yi kaɗan ba ya kashe ƙwayar cutar, sai ya koya mata jurewa. An riga an ga alamun wagga juriya a Ruwanda da Yuganda. In ta iso mana, maganin da ke tsirar da ɗiyanmu kowace damina shi zai lalace. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma sun gwada tazargaden Najeriya a kan ɓeraye, sun ga yana taɓa ƙwayar zazzaɓi, amma in an yi yawa yana yin illa.

Ke nan sunan Hausa yana gaya maka amfanin da kakanni suka gani da hanyar da abu ya biyo. Sunan Latin yana gaya maka wane ne takamaimai, ta yadda likita a Tawa da mai bincike a Sin za su tabbata abu ɗaya suke zance. Mai riƙe da ɗaya kawai da ido ɗaya yake gani.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Farin 1973 da na 1984 sun aske tudun Adar. Dattawan Keita da Ibohaman suna iya lissafa maka hakin da suka sani suna yara wanda yanzu babu. Aikin raya karkara na Keita, da aka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, ya gyara fako da yawa, mata suka ɗauki duwatsu a ka, aka dasa miliyoyin itatuwa. Itace ya dawo a wurare da dama. Amma ƙananan haki ba a dasa su, kuma in haki ya ɓace shekara ashirin, sunansa ma bin sa yake yi. Yaron da ya tashi Abijan ya san sunan ƴan ƙwallon Turai goma sha ɗaya, amma nuna masa dayi ka ji.

Kuma Adarci yana da nasa sunaye da ba lalle su yi daidai da na Kano ko Damagaram ba. Ƙamus ɗin 1916 a Najeriya aka tara shi, na Peyre de Fabrègues na ƙasa baki ɗaya ne. Aikin bin Adar gari-gari, kwari-kwari, mu yake jira. Yanzu kuma ba sai an jira Bature da akwatin takarda ba. Muna da jami'a a cikin gari, muna da ɗalibai, kowa da salula mai hoto a aljihu. Malamin lakwal na iya fita da ɗalibansa bayan ruwan Agusta, su ɗauki tsiro da furensa, su zauna gaban tsohuwa ko makiyayi su rubuta suna da amfani da wurin da aka same shi, da Hausa da Tamajak da Fillanci. Abu ɗaya kada a manta a wanga karo: a rubuta sunan wanda ya faɗa.

Masu saye da sayar da tazargade kuma, a riƙa tambaya daga ina ya fito. Yaro in ya yi zazzaɓi a kai shi likita a auna jini tukuna, kada a tsaya jiƙo.

Ku kuma da kuke karantawa, ku faɗa mana: mi ake ce wa kashin yawo a garinku? Wane haki kuka sani a da wanda yanzu ba ku gani? Ku tambayi iyaye da kakanni tun suna kusa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ƙara wa dattawanmu lafiya. Sai mun ji daga gare ku.